Giyar da Hanta Ba Ta Gani Ba

Dakta ya yi ƙarya, kuma ba da baki kaɗai ya yi ta ba, da jinin mutum ya yi ta. Mai ƙazafi a bakin titi yana iya cewa ji ya yi a wurin wani. Shi kuwa hannunsa ya sa, idonsa biyu, don kawai wata yarinya ta ce ba ta son sa. Karatun da ya tara bai hana shi ba. Karatun ma shi ya wasa ya yi wuƙa da shi.

Yarinyar autar wani mai gyaran agogo ce. Auta kowa yake kiranta, har a cibiyar binciken da take karatun digiri na biyu. Kiwon ƙwayoyin hanta ne aikinta. Tana renon su cikin faffaɗan kwalabe masu ruwa ja-ja, a wani akwati mai ɗumi kamar jikin mutum, ta ɗiga musu giya tsantsa ta ɗakin gwaji, ta jira ta ga abin da za su mayar da ita. Ba haka kawai ta zaɓi wannan aiki ba. Ƙanin mahaifinta kwalba ce ta cinye masa hanta, ya mutu ya bar yara a hannun Baba. Tun daga nan ko sunan giya ba a kira a gidansu sai an sassauta murya.

Ranar da ta fara sauka ɗakin inji, ta tura ƙofa da kafaɗa, hannunta riƙe da kwanon ƙanƙara mai ɗauke da samfurinta. A tsakiyar ɗakin ga injin NMR, ƙaton maganaɗisu fari kamar tankin ruwa, a tsaye kan ƙafafu uku da tsani a gefensa. An kewaye shi da layi rawaya a ƙasa.

"Tsaya nan."

Ta tsaya cak. Wani dogon saurayi ne ya miƙe daga bayan kwamfuta, fuskarsa ba alamar wasa.

"Cire agogon. Makulli, fil ɗin mayafi, katin banki, duk ki zuba a tiren can."

"Ai sallama na yi."

"Na amsa a zuci. Cire agogon."

"Babana ne ya haɗa min shi da hannunsa."

"To in kina so ya ci gaba da gaya miki lokaci, kada ki tsallake layin nan da shi. Wannan ba a kashe shi. Ko an ɗauke wuta yana nan da ƙarfinsa."

Ta kwance agogon a hankali ta ajiye, ta ɗan ƙame. "An gama, Saje."

Ya so ya riƙe fuska, dariya ta ci amanarsa. Daga ranar sunan ya bi shi, shi kuma ya rama da Mai Agogo.

Shi ne mai kula da injin, kuma shi ya koya mata karatunsa. Za a zuba ruwan da aka tatso daga ƙwayoyin cikin siririyar kwalba da ba ta kai fensir kauri ba, a sauke ta tsakiyar maganaɗisun, a buga mata igiyar rediyo. Kowane sinadari da ke ciki sai ya amsa da irin muryarsa, kwamfuta ta zana amsar a dogon layi mai tsini-tsini. Kowane sinadari da gurbinsa a layin, kowanne da siffarsa.

"Wannan mai tsini uku, na tsakiya ya fi tsayi, giyarki ce," ya ce yana nunawa da bayan biro. "Wannan cunkoson sukari ne, ba ya zama shi kaɗai, kamar gidan haya."

"Wancan tilo ɗin fa, ɗan gaba kaɗan?"

"Asitet. Ke za ki gaya min daga ina ya fito."

"Ɗan giyar ne," in ji ta. "Hanta ce ta karɓe ta ta juya ta. Duba kwalba ta gaba, za ka ga uwar ta ragu, ɗan ya ƙara tsayi."

Ya duba, haka ne. Ya juyo ya dube ta, duban ya ɗan wuce na aiki. Ta sunkuyar da kai tana gyara ƙanƙarar da ba ta buƙatar gyara.

Ba a daɗe ba saƙonni suka fara.

"Mai Agogo, ƙwayoyinki sun yi magana. Sun ce a tambaye ki, me ya sa ba kya saukowa sai da kwalba a hannu?"

"Saje, ka gaya musu mai gadin ƙofar ne ba shi da fara'a."

"Ya ce yana koyo. Malama yake nema, ta dindindin."

"Malamar tana da uba, kuma shagonsa ba ɓoyayye ba ne."

"Na ji. Ki ce masa agogona lafiyarsa ƙalau, mai shi ne ya daina barci."

Sai dai wani ya riga shi zuwa shagon. Dakta shi ne mataimakin Farfesa, matar da ke shugabantar sashen. Mutum ne mai tsafta, mai taushin murya, mai son agogo masu tsada, kuma ya daɗe yana kai wa Baba gyara. Wata rana ya ajiye agogo ya ajiye magana. Baba ya kira Auta ya tambaye ta, ta ce tana girmama Dakta amma ba ta son sa. Baba ba mai kwana-kwana ba ne, ya mayar masa da amsar yadda take. Dakta ya yi murmushi ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Da bakinsa ya faɗa. Cikinsa bai ce amin ba.

Da Saje ya je, Baba bai cire gilashin da ke maƙale a idonsa ba sai da ya gama ɗaure wani ɗan ƙaramin sukuru.

"Me kake yi a wurin?"

"Ina kula da injin da ke gano abin da ke cikin ƙwayoyin jiki, Baba."

"Ka ƙera shi?"

"A'a."

"Kana gyara shi in ya lalace?"

"Wani abin. Wani sai an kira masu shi."

"To zama kake yi kusa da shi ke nan." Baba ya miƙa masa hannu, da suka gaisa ya ɗan shaƙi iska, fuskarsa ta canza. "Wane wari ne wannan a hannunka?"

"Sifirit ne, Baba. Da shi muke goge hannu da tebur."

Da daddare Auta ta miƙa wa Baba nata hannun ya ji irin warin, Umma kuma ta sa baki ta ce yaron da kunya, ko ruwan da aka ba shi bai iya shanyewa ba. Baba ya yi kwanaki yana tambayar mutane. Bai ji komai ba sai alheri. Daga ƙarshe ya ce a gaya wa yaron ya turo manyansa.

Labari ya kai sashen, aka yi ta tsokanar su. Dakta ma ya taya murna.

A lokacin cibiyar tana tara jinin masu lafiya don a gwada shi da na masu ciwon hanta. Ma'aikata da yawa sun miƙa hannu, har da Saje. Dakta ne ke kula da aikin. Shi ke sa wa kowane jini lamba, shi kaɗai ya san lambar kowa, kuma ya sa hannu a kan ba zai faɗa ba. Shi ke tace jinin ya zuba a siraran kwalabe. Saje ya karɓi jerin kwalaben ya sa su a inji ɗaya bayan ɗaya, sakamakon ya wuce kwamfutar Dakta. Da hannunsa ya sauke tasa kwalbar cikin maganaɗisu, bai san tasa ba ce, bai kuma san abin da aka ɗiga mata ba.

Wata ranar aiki Auta ta dawo gida da la'asar ta tarar da takalman Baba a ƙofar falo. Baba ba ya rufe shago da rana. Yana zaune, takarda ɗaya a gwiwarsa, Umma tana tsaye a bakin ƙofar kicin ta harɗe hannu.

"Zo, Auta. Ke ce mai ilimin. Karanta min wannan."

Ta durƙusa ta karɓa. Zane ne irin na injinsu. Tsini uku, na tsakiya ya fi tsayi.

"Mene ne?"

"Giya ce, Baba."

"Kin tabbata?"

"Kullum ita nake gani. Giya ce."

"Madalla. Jinin yaron nan ne."

Takardar ta yi mata nauyi a hannu.

"Dakta ne ya kawo min," in ji Baba. "Har da hawaye a idonsa. Ya ce ya kasa barci, ya san abin da ya faru da gidan nan. Ni ban yarda da shi kaɗai ba, na san yana da rauni a maganar. Shi ya sa na jira ki. Ga shi ke kika faɗa."

"Malam, a bi a hankali," in ji Umma. "A kira yaron a ji ta bakinsa."

"Ƙanina ma an ji ta bakinsa. Har ya kwanta yana rantsuwa bai taɓa sha ba. Ni na wanke shi, na ga cikinsa kamar tulu. Na riƙe marayun kwalba sau ɗaya, ba zan riƙe jikokina a haka ba." Ya juya ga Auta. "Zan aika wa manyansa kada su wahalar da kansu."

Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. A nan shaiɗan ya samu wurin zama. Ya tuna mata jan idon Saje na wasu safiyoyi, ya tuna mata ranar da bai ɗauki waya ba, ya tuna mata warin hannunsa da ita kanta ta wanke shi a gaban Baba. Zato haka yake, ba ya zuwa da kayansa, da naka yake gini. Ta ɗauki waya.

"Saje, don Allah ka gaya min gaskiya. Ka taɓa sha?"

Alamar ya karanta ta fito. Amsa ba ta zo ba sai da aka kira magariba.

"Tambayar daga Baba take ko daga gare ki?"

Ta daɗe tana kallon allon. Ta rubuta, "Daga gare ni."

"To ba ni da amsa. Ɗazu aka karɓe makullin ɗakin inji a hannuna, wai mashayi ba ya tsaron maganaɗisu. Kwamiti zai zauna a kaina. Ki kula da kanki, Auta."

Auta ya ce. Tun da suka san juna bai taɓa kiranta haka ba. Ta kira, wayar a kashe.

Ta yi kuskure, kuma ba a ɓoye mata shi don ita ce abin tausayi. Mutumin da ka zauna da shi ka ga sallarsa da cinikinsa, ba ka jefa masa irin wannan tambaya ta waya.

Washegari ta je aiki don ƙwayoyin ba su san baƙin ciki ba, sai an canza musu ruwa. Ɗakin inji a kulle. A baranda mutane suna yin shiru in ta wuce. Tana cikin aiki Dakta ya shigo, ya tsaya bayanta da ƙamshin turarensa.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Wallahi don Baba na yi. Gara kuka yanzu da kuka da goyo."

"Na gode, Dakta."

"In kina buƙatar wanda zai karanta miki sakamako kafin a samu wani mai kula da injin, ofishina a buɗe yake."

Ya fita. Ta cire safar hannu, ta zaro takardar daga jaka, don ta ɗauke ta daga falo ba da sanin Baba ba. Jiya da idon budurwa ta kalle ta. Yau ta shimfiɗa ta a tebur ta kalle ta da idon aiki.

Tsini ukun suna nan, ba musu. Amma takardar guntuwa ce. Layin injin dogo ne, ana buga shi tun daga farko har ƙarshe, sannan a faɗaɗa wurin da ake so. Wannan an yanko ɗan yanki kaɗai aka cika takarda da shi, an tsaya daf da inda asitet yake zama. Ta jawo nata sakamakon ta jera a gefe. A duk kwalbar da giya ta haɗu da hanta mai rai, ɗan yana tsaye kusa da uwar. Mutum kuwa hantarsa ba ta jira, tun kofin farko take fara aiki.

Ba ta san abin da ke bayan yankan ba. Zai iya wanke shi, zai iya kuma binne shi.

Farfesa mace ce mai furfura da gajeren zance. Auta ta kai mata takardun ta roƙi a buɗe cikakken layin, ta saurare ta ba tare da ta ajiye biro ba.

"Da wace riga kika shigo min? Ta ɗaliba ko ta budurwarsa?"

"Duka biyun, Farfesa. Amma ɗalibar ce ke tambaya."

"Gobe kwamiti zai zauna. Kin san abin da kike nema? Kina cewa mataimakina bai iya aikinsa ba, ko abin da ya fi haka muni. In na buɗe na ga ɗan yana tsaye kusa da uwar fa?"

"To ya sha. Zan haƙura da shi."

"Kuma ki nemi wani sashen, don ba za ki zauna ƙarƙashin mutumin da kika zarga ba."

Aikin Auta na tsawon lokaci yana cikin akwatin ɗumin nan, ƙwayoyi ba sa bin mutum zuwa wani wuri.

"Na yarda."

Farfesa ta ɗauki waya ta kira Dakta ta ce ya same su a ɗakin inji. Ita ta buɗe ƙofar. Suka zuba makullai a tire, Dakta ya kwance agogonsa yana murmushi.

"Lafiya, Farfesa?"

"Buɗe mana ainihin sakamakon da ka kai wa kwamiti. Dukansa."

"Ai abin da ya shafi maganar na buga. Sauran hayaniya ce kawai."

"Ina son hayaniyar."

Ya zauna ya buɗe. Layin ya miƙe daga gefen allo zuwa gefe. Auta ta riƙe bayan kujera da hannu biyu. Idonta ya wuce tsini ukun, ya matsa gaba, ya tsaya a gurbin asitet.

Ɗan guntun tsini ne a wurin, irin wanda ake samu a jinin kowa. Bai tashi ba ko kaɗan.

"Ina ɗan?" in ji Farfesa.

"Jiki ya bambanta," in ji Dakta. "Wataƙila bai daɗe da sha ba aka ɗebi jinin."

"Giya mai yawan nan ta zagaya jini, hanta ba ta taɓa ta ba?" in ji Auta. "Dakta, ɗan matsa can gaba. Wancan tilo ɗin, mai tsayi, a bakin cunkoson sukari."

Bai matsa ba. Farfesa ta miƙa hannu ta kan kafaɗarsa ta matsa da kanta. Ta kalli tsinin, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Metanol," ta ce.

Duk ukun sun san inda ake samun giya da metanol a haɗe a ginin nan. A robar feshi suke, wadda ke kan kowane tebur, sifirit ɗin goge hannu da aka gauraya da gubar metanol don kada kowa ya sha.

Dakta ya yi 'yar dariya. "To ai ga bayani. Kuskure ne. Feshi ya faɗa cikin kwalbar lokacin da nake aiki. Yana faruwa."

"Yana faruwa," in ji Farfesa. "Buɗe sauran na ranar."

Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Duk tsaf.

"Feshin nan yana da ido. Ya tsallake kowa ya faɗa kwalbar mutumin da ya samu abin da ka nema ka rasa." Ta juya ga Auta. "Nas ɗin da ke ɗibar jinin tana raba kowane jini biyu. Rabin yana firizar da makullinta ke hannuna, ba a taɓa shi sai ƙarshen bincike. Ga lambar nasa a allon nan, yau za a taɓa shi."

Ita ta ɗauko, ita ta narkar, ita ta tace ta zuba a kwalba. Ta hau tsanin da tsufanta ta sauke ta cikin maganaɗisu. Injin ya shiga aikinsa, ba a jin komai sai hucin iska. Dakta ya ce yana da aji, Farfesa ta ce ajin zai jira. Auta ta kafe allon da ido, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta.

Layin ya fito. Inda tsini ukun suke, fili ne.

Auta ta zauna a ƙasa kan layin rawaya ta rufe fuska.

"Ko da giyar gaskiya ce," Farfesa ta ce wa Dakta, "lambar da ka sa hannu za ka ɓoye, wa ya ce ka kai ta shagon gyaran agogo? Ajiye makullanka a tiren. Agogon ka ɗauka, naka ne."

A shago Auta ta sami Baba. Ta shimfiɗa masa takardu biyu a kan teburinsa tsakanin hantsaki da ƙananan sukurori, ta yi masa bayani daki-daki. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ta ba.

"Wato giyar ba ta bi ta cikinsa ba."

"Ba ta bi ba, Baba. A kwalba aka zuba ta."

Ya jinjina kai. "In aka kawo min agogo aka ce ya kwana a ruwa, na buɗe ban ga tsatsa ba, na san a bayansa aka yayyafa ruwan." Ya cire gilashin idonsa ya ajiye. "Tsoro ne ya yi min hukunci, ba hankali ba. Uwarki ta ce a kira yaron, na ƙi."

Ya jawo aljihun tebur ya zaro wani agogon Dakta da ke jiran gyara, ya naɗe shi a takarda yadda ya zo, ya ba maƙwabcinsa ya ce in mai shi ya zo a miƙa masa, kada ya shigo. Sannan ya rufe shago, ya tambayi kwatancen gidan su Saje, ya tafi da ƙafarsa. Dattijo ne, yaron sa'an ɗansa ne, amma a gaban kawunnan yaron ya ce, "Na zalunce ka, ka yafe min." Haka ake yi. Girma ba ya zubewa don an nemi gafara, a wurin ƙin nema yake zubewa.

Na Auta ya fi wuya. An mayar wa Saje makullinsa, amma saƙonta uku ba amsa. Ta sauka ɗakin inji ba kwalba a hannu. Yana bayan kwamfuta, bai ɗago ba.

"An gaya min abin da kika yi," ya ce. "Na gode."

"Ba godiya na zo karɓa ba."

"Da kin buɗe kin ga ɗan fa?"

"Da na yi kuka na tafi."

"Kin ga. Injin kika yarda da shi, ba ni ba."

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce. Ba ta kare kanta ba.

"Haka ne. Na tambaye ka abin da bai kamata in tambaya ba. A gidanmu an yi mana rantsuwa an mutu a kanta, tun ina ƙarama nake jin tsoron kalmar nan. Ba hujja ba ce, dalili ne kawai. Ka yafe min."

Ya juya biro a hannu.

"Ranar da aka karɓe makullin nan ban ji komai ba," ya ce a hankali. "Na ce aiki ne, zan samu wani. Saƙonki ne ya hana ni cin abinci."

"Ba zan sake ba."

"Za ki sake jin magana a kaina. Duniya ce."

"In na ji, zan zo in zauna a gabanka in kalli idonka. Ba waya, ba takarda."

Ya ɗago a karon farko. Ya rame, ita ma ta rame.

"Kin yi baƙi, Mai Agogo."

Hawayen da ta riƙe suka zubo, tana dariya a cikinsu. "Kai ma ba ka yi kyau ba, Saje."

"To mu yi sauri a ɗaura kafin mu ƙare."

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Mai Agogona, kawu ya ce a gaya wa Baba suna nan tafe, kuma wannan karon ko an aiko kada su zo, sun riga sun fito."

"Baba ya ce tun ɗazu aka share falo. Ka ci abinci?"

"Na ci har na nemi ƙari. Ke fa?"

"Umma ta ce in rage, kada kayan su ƙi shiga."

An ɗaura auren ba da daɗewa ba, cikin mutunci, ba almubazzaranci. Farfesa ta zo ta zauna kusa da Umma, ta ce wa amarya hutun da ta ba ta ba ya ƙaruwa ko da kwana ɗaya, ƙwayoyi suna jira. Da za a tafi da ita Baba ya riƙe hannunta ya sa a na mijinta. Ya ce Allah ya sa albarka, ya ba su zuri'a masu gaskiya, ya tsare su daga bakin mutane, ya kuma tsare mutane daga bakinsu. Aka shafa.

Shi kuwa Dakta, kwamitin da ya tara don wani shi ya zauna a kansa. An kore shi daga aiki, an cire sunansa daga binciken jinin, an sa a sake duba duk sakamakon da ya taɓa sa wa hannu, kuma an rubuta dalilin korar a takardarsa yadda duk inda ya nemi aiki za a karanta.